Me ya raba kan masoya Opeth tun daga 2011?

Wani matashi da ya fara sauraron ƙungiyar Opeth kwanan nan ya tambaye ni: "Yaya, na ga masoyan mutanen nan sun rabu gida biyu. Wasu na cewa ƙungiyar ta mutu tun 2011 da ta bar metal ta koma kiɗan rok na furogiresib, wasu kuma na cewa a lokacin ne ma ta girma. Me ya faru, kuma wa ke da gaskiya?"

Ƙanena, bari in ba ka amsar a dunƙule tukuna, sannan mu warware ta. Masu cewa Opeth ta ci amanar masoyanta ba su da hujja, domin abin da ta koma yi a 2011 yana cikin jininta tun faifanta na farko. Amma masu cewa duk wanda ya yi ƙorafi bai san kiɗa ba ne, su ma ba su yi adalci ba. An rasa wani abu na gaske a wannan juyi, abin da babu ƙungiyar da ta iya shi kamar Opeth, kuma wanda ya yi kukan rashinsa ba kukan banza ya yi ba. Ni da nake koyar da jita, na kuma daɗe ina bin faya-fayan mutanen nan ɗaya bayan ɗaya, ina jin zafin yadda aka mayar da maganar ta zama ta gurnani kawai, wato ko mawaƙin ya yi wannan murya mai kauri da ake fitarwa daga can cikin maƙogwaro ko bai yi ba. Rigimar ta wuce nan.

An kafa Opeth a Sitokhom, babban birnin Suwidin, a 1990, daidai lokacin da birnin ke tashen det-metal, reshen metal mafi tsanani, mai gudun ganguna da jita mai kaushi da gurnani a maimakon rerawa. A shekarar ce ƙungiyar Entombed ta fitar da Left Hand Path, faifan da samarin garin suka riƙa kwaikwayo. Mikael Åkerfeldt ya shiga Opeth yana ɗan shekara 16, kuma da wanda ya kafa ta, David Isberg, ya fita a 1992, ragama da makirufo duk suka koma hannunsa. Tun daga nan aka ga yaron ba hanyar tsaransa zai bi ba. Faifansu na biyu, Morningrise na 1996, waƙoƙi biyar ne kacal a ciki, kowace ta haura minti 10. "Black Rose Immortal" ita kaɗai minti 20 ce. Waƙar da ta rufe faifan, "To Bid You Farewell", babu gurnani a cikinta ko sau ɗaya. Ka riƙe wannan, shekara 15 ke nan kafin rigimar da kake tambaya a kai.

Abin da ya sa mutane suka kamu da son Opeth a wancan zamani shi ne yadda take haɗa zafi da sanyi a cikin waƙa guda. Ka ɗauki waƙar "Blackwater Park", wadda faifan 2001 ya ci sunanta, mai tsawon minti 12. Tana buɗewa da jita mai nauyi tana taku, ganguna na biye da ita, gurnani ya shigo na ɗan lokaci. Ba a yi nisa ba sai komai ya ɗauke. Abin da ya rage jita ce garau, ba kaushi ko kaɗan, tana maimaita 'yan sautuka ƙasa-ƙasa, tana zagayawa tana dawowa, har mai sauraro ya fara sakin jiki ya manta da inda aka faro. Mintuna ake yi a haka. To a daidai lokacin da ka saki jikin ne kiɗan ke fashewa, kuma daga nan har kusan ƙarshe ba sassauci. Idan ka yanke wannan tsakiya mai sanyi ka saurare ta ita kaɗai, kiɗa ne mai daɗi, shi ke nan. Idan ka yanke fashewar ka saurare ta ita kaɗai, det-metal ne mai kyau kamar na wasu da yawa. Haɗuwarsu ce ke tayar da tsigar jiki. Wanda ya yi tafiyar ƙasa da tsakar rana a bazara, ya samu inuwar zaure ya zauna, ya san daɗin inuwa fiye da wanda ya wuni a cikinta. Haka sanyin tsohuwar Opeth yake. Åkerfeldt mutum ne mai tattausar murya idan ya rera, mai gurnanin da ake jin kalmominsa idan ya yi, kuma yakan juya daga wannan zuwa wancan cikin numfashi guda. A kan wannan juyi aka gina Still Life na 1999, da Blackwater Park, da Deliverance na 2002, da Ghost Reveries na 2005.

Furog kuwa, kamar yadda masoyansa ke taƙaita sunan rok na furogiresib, kiɗan rok ne da ya bunƙasa a Ingila daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa tsakiyar 1970, a hannun su King Crimson da Yes da Genesis da Jethro Tull da Camel. Alamominsa dogayen waƙoƙi masu sassa-sassa, da ƙidayar bugu da ba ta tsaya a huɗu-huɗun da kunne ya saba ba, sai ka ji biyar ko bakwai, da ogan na Hammond, da sarewa, da melotiron, wani kibod da kowane maɓallinsa ke kunna guntun tef mai ɗauke da sautin goge ko muryoyin mutane. Åkerfeldt bai taɓa ɓoye cewa wannan ne abincin kunnensa ba. Sananne ne wajen tara tsofaffin faya-fayan garmaho na wancan zamani. Sunan faifansu na uku, My Arms, Your Hearse na 1998, daga baitin wata waƙar ƙungiyar Comus ta Ingila aka ciro shi. Blackwater Park ɗin nan da masu kishin metal ke rantsuwa da shi, sunan wata ƙungiyar rok ce ta Jamus ta farkon shekarun 1970, kuma Steven Wilson na Porcupine Tree, ɗaya daga cikin manyan masu furog na wannan zamani, yana cikin waɗanda suka tsara sautinsa. A 2003 suka fitar da Damnation, faifai sukutum ba gurnani, ba jita mai kaushi, melotiron ta ko'ina. Bayan nan suka ɗauki Per Wiberg ya zama mai kibod na dindindin. Watershed na 2008 waƙoƙi bakwai ne, uku kaɗai ke da gurnani. Hatta bikin cikarsu shekara 20 da suka yi a zauren Royal Albert Hall na Landan a Afrilun 2010, bangon faifan bidiyonsa kwaikwayon bangon wani tsohon faifan Deep Purple ne da aka ɗauka a wannan zaure. Duk mai kunne ya ga inda aka dosa.

To me ya sa Damnation bai tada ƙura ba, Heritage, faifan da suka yi wannan juyi a cikinsa, ya tada? Domin Damnation ɗan tagwaye ne. Tare aka ɗauke shi da Deliverance a 2002, aka fitar da mai zafin tukuna, mai sanyin ya biyo bayan 'yan watanni. Masoya sun karɓe shi a matsayin yawon buɗe ido, sun san za a dawo gida. Heritage kuwa da ya fito a Satumban 2011 bai zo da ɗan'uwa ba, kuma Åkerfeldt bai yi alkawarin dawowa ba.

Shi da kansa ya ba da labarin yadda aka yi. Ya rubuta waƙoƙi biyu a salon Watershed, ya kunna wa mai jitar bes ɗinsu, Martín Méndez, ɗan asalin Yurugwai da ke tare da shi tun 1997. Méndez ya nuna masa cewa idan wannan ne sabon faifan, shi kam bai gamsu ba. Sai Åkerfeldt ya goge su ya faro daga tushe. Wannan labari yana da muhimmanci a wurina, domin yana nuna cewa tun a cikin gida an ji tsohon salon ya fara zama maimaici. Abin da ya fito daga baya ya bambanta da komai. Faifan yana buɗewa da fiyano shi kaɗai, a salon jaz na gargajiyar Suwidin irin na marigayi Jan Johansson. An rage kaushin jita sosai. Ganguna sun fito da sautin fata da katako, ba irin matsattsen sautin da aka saba ji a metal na zamani ba, inda kowane bugu ke fita da ƙarfi iri ɗaya. An gayyato Alex Acuña, wanda ya yi kiɗa da ƙungiyar jaz ta Weather Report, ya buga gangunan hannu, an gayyato Björn J:son Lindh ya busa sarewa. Waƙar "Slither" an yi ta ne don tunawa da mawaƙi Ronnie James Dio da ya rasu a 2010, kuma salonta na tsohon rok mai nauyi ne irin na Rainbow, ƙungiyar da ya taɓa yi wa waƙa. Bangon faifan ma magana ce: bishiya mai 'ya'ya, 'ya'yan kawunan 'yan ƙungiyar ne, kan Wiberg yana faɗowa domin a shekarar ya bar su, saiwoyin kuma sun nutse can cikin wuta a ƙarƙashin ƙasa. Ma'anar a fili take, det-metal saiwa ce, amma bishiyar ta yi sama.

Abin da ya mayar da ɓacin rai ya zama gaba shi ne rangadin da ya biyo baya. A ƙarshen 2011 Opeth ta zagaya Amurka tana wasa ba tare da waƙa ko ɗaya mai gurnani ba. Ko daga tsofaffin faya-fayan, masu sanyin kaɗai aka zaɓo, irin su "Face of Melinda". Ka sa kanka a matsayin wanda ya tara kuɗi ya sayi tikiti, ya yi doguwar tafiya, yana jiran "Demon of the Fall" ko "Deliverance", ya tsaya har aka tashi bai ji ko ɗaya ba. An yi ta kiran sunayen tsofaffin waƙoƙi daga cikin taro. A nan ina tare da masu ƙorafi. Mawaƙi yana da 'yancin rubuta abin da ya ga dama a sabon faifai, wannan ba wanda zai hana shi. Amma dandali wurin haɗuwa ne da mutanen da suka ɗauke ka shekara 20, kuma waƙoƙin da suka sa suka ɗauke ka ɗin suna da hakki a wurin. Daga baya tsofaffin waƙoƙin sun dawo cikin wasanninsu, suna nan har yau, sai dai tabon ya riga ya zauna. Daga wannan lokaci ne masoya suka raba ƙungiyar gida biyu a bakinsu, Oldpeth da Newpeth, tsohuwa da sabuwa.

Cikin masu ƙorafin akwai waɗanda gurnanin da nauyin kawai suke so, kuma da aka cire sai suka tafi. Ba ni da abin cewa a kansu, kowa da abin da kunnensa ke nema. Waɗanda maganarsu ta fi damuna su ne masu cewa: mu ba gurnani muke kuka ba, mun so Damnation, abin da ke damun mu Heritage bai ɗinku ba. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Saurari "Famine". Tana farawa da gangunan hannu da wasu sautuka masu ban tsoro, sai su ɗauke, fiyano da murya su shigo. Sai wannan ma ya ɗauke, jita mai sauri ta kutso. Can kuma sai wata jita mai jan ƙafa, mai nauyin gaske, sarewa na kururuwa a kanta. Kowane sashe idan ka ɗauke shi shi kaɗai abin yabo ne, musamman wurin sarewar nan. Amma tsakanin sashe da sashe sau da yawa shiru ne kawai, ba gada. Gaskiya ne tsohuwar Opeth ma takan yi tsalle daga sashe zuwa sashe, Morningrise cike yake da haka. Bambancin shi ne a da tsallen yana da dalilin da kunne ke ganewa nan take, daga zafi ne zuwa sanyi ko daga sanyi zuwa zafi. Da aka cire zafin can na ƙoli, sai tazarar da ke tsakanin sassan ta ragu, tsallen ya zama daga wani abu mai kyau zuwa wani abu mai kyau, ba tare da mai sauraro ya san abin da ya sa aka tashi daga na farkon ba. Duk ɗalibin da ya fara tsara kiɗa yakan haɗu da wannan matsala: samun jimloli masu daɗi ba shi ne wahala ba, wahalar ita ce sa ta biyu ta zama dole bayan ta farko. A Heritage, Åkerfeldt yana koyon yin haka ne da sababbin kayan aiki, a gaban idon duniya.

Akwai kuma ƙorafin da ya fi wannan nauyi, wanda ban taɓa jin an ba shi gamsasshiyar amsa ba. A 2001, idan kana son abin da Opeth ke yi, babu inda za ka same shi da wannan inganci sai wurin Opeth. Ƙungiyoyi da dama sun taso suna kwaikwayonta. Da ta koma furog irin na 1970, sai ta shiga gidan da ke cike da dattawa, kuma dole a auna ta da su. A Suwidin ɗin kanta, ƙungiyoyi irin su Änglagård da Anekdoten sun riga sun farfaɗo da wannan salo na melotiron tun farkon shekarun 1990. Saboda haka mai cewa "a da ita ake bi, yanzu ita ke bi" ba zagi yake yi ba. Kalmar furogiresib tana ɗauke da da'awar ci gaba, shi kuwa yana ganin an koma baya shekara 40. Abin da zan iya cewa kawai shi ne, ko a cikin tsofaffin kayan, hannun Åkerfeldt ba ya ɓuya. Irin sautukan da yake haɗawa masu ɗaci, da yadda waƙarsa ke karkata inda ba ka zata ba, da wannan baƙin ciki da ke kwance a ƙarƙashin komai, ba za ka ji su a Yes ko Genesis ba. Ka saurari mintunan ƙarshe na "Folklore" ka gaya mini ko akwai wanda zai rubuta su in ba shi ba.

Zargin da ba na karɓa ko kaɗan shi ne na neman kuɗi. Wanda ke neman kasuwa gajarta waƙa yake yi, ya sauƙaƙa ta, ya sa mata amshin da rediyo zai ɗauka, kamar yadda aka zargi Metallica da yi a 1991. Opeth kuwa ta bar salon da ya riga ya cika mata Royal Albert Hall, ta koma waƙoƙin minti takwas masu sarewa da shiru a tsakiya. Hanyar kuɗi mafi sauƙi a 2011 ita ce a sake dafa Ghost Reveries a canza masa bango. Gaskiya ne Heritage ya kai mataki na 19 a jadawalin Billboard na Amurka, Sorceress na 2016 ya kai na ɗaya a Jamus, kuma a rangadinsa sun yi wasa a Wembley Arena da Radio City Music Hall da gidan opera na Sidni. Amma hawan ya faro tun kafin juyin, domin Watershed ya kai na 23 a Amurka, ya kai na ɗaya a Finlan. A 2012 kuma Åkerfeldt ya bar Bloodbath, ƙungiyar det-metal zalla da yake yi wa gurnani a gefe. Mutumin da ya ajiye abu a gida ya kuma ajiye shi a waje, ya gaji da shi ne da gaske.

Su ma masu kare sabuwar Opeth suna da nasu laifin, kuma shi ya hana wutar mutuwa. Da yawansu sun riƙa magana kamar gurnani wasan yara ne da mutum ke bari idan ya yi hankali. Wannan raini ne, kuma rashin sani ne. Gurnani fasaha ce da ake koya, yana buƙatar sarrafa numfashi daga ciki, wanda ya yi shi ba bisa ƙa'ida ba zai lalata muryarsa. Yana kuma isar da abin da tattausar murya ba za ta iya ba, kamar fushi da firgici da muryar wanda ba mutum ba a cikin labari. Idan ka ce wa mutum abin da ya raka shi shekarun ƙuruciyarsa, ya ɗebe masa kewa a lokacin ƙunci, shirme ne, ba za ka jawo shi ya saurari "River" ba, sai dai ya ƙara toshe kunne. Inda suke da gaskiya shi ne batun mutanen da ke kiɗan. Åkerfeldt yana da shekara 37 lokacin Heritage, ba yaron 1990 ba ne. Cikin mutum huɗun da suka yi Blackwater Park, shi da Méndez kaɗai suka rage. Mai ganguna Martin Lopez ya tafi a 2006, mai jita Peter Lindgren ya tafi a 2007. Wani ɓangare na abin da mutane ke kewa, musamman lallausan hannun Lopez mai ɗanɗanon kiɗan Latin Amurka, ya riga ya fita daga gidan shekaru kafin a daina gurnani, shi ya sa wasu tsofaffin masoya suka bi shi zuwa ƙungiyarsa ta Soen. Ko da Opeth ta ci gaba da det-metal, 2001 ba za ta dawo ba. Abin sha'awa kuma, Martin Axenrot da ya gaji Lopez a kan ganguna, wanda daga det-metal ya fito, a Heritage ne aka fi jin laushin hannunsa.

A ganina an yi wa sabon zamanin hukunci da faifansa mafi rauni wajen ɗinki, mutane da yawa kuma ba su dawo sun ji abin da ya biyo baya ba. Pale Communion na 2014, wanda aka ɗauka a situdiyon Rockfield da ke Wales, shi ne inda abin ya nuna. Gadojin da babu a Heritage sun samu. Muryoyi sun hau kan juna a jere, "River" ta faro da sanyin jitar katako ta ƙare da gudu ba tare da ka ji inda aka yi kwana ba, "Faith in Others" ta rufe faifan da goge masu ratsa zuciya. Akwai ma waƙa mai suna "Goblin", gaisuwa ga ƙungiyar Italiya mai wannan suna. Sorceress bai kai shi ba a wurina, akwai waƙoƙi masu ƙarfi a ciki amma sautinsa ya yi duhu, bes ya danne sauran. In Cauda Venenum na 2019 kuwa an fitar da shi da harshe biyu, Suwidanci da Ingilishi, kuma na Suwidancin nake ba ka shawara ko ba ka jin kalma ɗaya, domin a nan muryar Åkerfeldt ta fi sakewa. A wannan faifan nauyi ya dawo sosai ba tare da gurnani ba.

Sai Nuwamban 2024, aka fitar da The Last Will and Testament, gurnani ya dawo a faifan situdiyo karo na farko bayan shekara 16. Murna ta ɓarke, aka yi ta cewa Opeth ta dawo gida. Amma ka saurara da kyau. Ƙashin bayan faifan na sabon zamani ne: goge, ogan, sassa masu saurin juyawa, ga Ian Anderson na Jethro Tull yana busa sarewa yana kuma karanta wasu sassan labarin, ga sabon mai ganguna ɗan Finlan, Waltteri Väyrynen, da ya shigo a 2022. Labari guda ne daga farko zuwa ƙarshe. Wani attajiri ya mutu bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, 'ya'yansa sun taru a karanta musu wasiyya, asiran gidan suna tonuwa ɗaya bayan ɗaya, har waƙoƙin ma ba su da suna sai lambar sakin layi kamar takardar lauya, in ban da ta ƙarshe. A irin wannan labari gurnani yana da aikin yi, shi ne muryar uba mai taurin zuciya da ke magana daga kabari. Kuma ka lura da abin da ya biyo baya. Wasu tsofaffin masoya sun saurara suka ce har yanzu ba Blackwater Park ba ne, wasu sababbin suka ce ba a buƙaci gurnanin ba. Da a ce rigimar ta gurnani ce kawai, da ranar da faifan ya fito ta mutu.

Kai da ka shigo yanzu kana da abin da mu ba mu samu ba, ba ka jira shekara uku kana sa ran wani abu aka ba ka wani ba. Kada ka fara da zaɓen ɓangare. Ka saurari Blackwater Park da Ghost Reveries har su zauna maka, domin ka san abin da ake kuka a kai. Sannan ka ɗauki Watershed, ka kula da "Burden" da ogan ɗinta, da "The Lotus Eater" inda ake rera tattausar murya a kan ganguna masu gudun tsiya. Daga nan ka tsallake zuwa Pale Communion, sai ka dawo wa Heritage daga baya. Shi Heritage an bar masa tazara mai faɗi tsakanin ƙaramin sauti da babba, saboda haka lasifikar waya za ta cinye rabinsa. Ka nemi abin kunne mai kyau, ka ƙara sauti fiye da yadda ka saba, ka saurare shi daga farko zuwa ƙarshe ba tsallake, kuma ka ba shi fiye da zama ɗaya kafin ka yanke masa hukunci.